Waiwaye: Tafin Mazarƙwaila, Rijiya Mai Jan Fenti da Gizo-gizon Gonar Shinkafa

A daminar 1971, lokacin da yaƙin ɓallewar Bangladesh daga Pakistan ya yi tsanani, mutane kusan miliyan 10 suka tsallaka iyaka zuwa Indiya, galibinsu da ƙafa. A kewayen garin Bangaon, cikin jihar Bengal ta Yamma, aka jibge dubban ɗaruruwansu a sansanoni, ruwan sama na zuba, babu masai, babu ruwan sha mai kyau. Ba a jima ba kwalara ta ɓarke. A wancan zamanin hanya ɗaya likitoci suka amince da ita wajen ceto mai kwalara, wato ƙarin ruwa ta jijiya, ruwan kuma ya kusa ƙarewa. Ko da akwai shi ma, masu iya sa allurar ba su taka kara sun karya ba. Cikin kowane mutum goma da cutar ta kama, kusan uku suna rasuwa.

Wani likitan yara ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yanke shawarar da manyansa da dama suke wa kallon kasada. Ya adana ɗan ruwan jijiyar da ya rage don waɗanda suka riga suka galabaita, sannan ya sa aka riƙa auno gishiri da sukarin gulukos da hodar soda ana damawa a duro. Ya raba wa 'yan jinya kofuna, uwa ta ba ɗanta, mata ta ba mijinta, kurɓi bayan kurɓi ba ƙaƙƙautawa. Cikin majinyata fiye da 3,000 da aka yi wa haka, waɗanda suka rasu ba su kai huɗu cikin ɗari ba.

Hikimar ba tasa ba ce shi kaɗai. Tun a 1968 wasu matasan likitoci biyu, David Nalin da Richard Cash, sun gwada a cibiyar binciken kwalara ta Dhaka, suka tabbatar cewa hanjin mai gudawa, duk da ɓarnar da cutar ke yi masa, yana iya tsotse gishiri in an haɗa shi da sukari daidai gwargwado, ruwa kuma ya bi gishirin ya koma jiki. A 1978 mujallar likitoci ta The Lancet ta ce wataƙila babu ci gaban da ya fi wannan muhimmanci a fannin lafiya a ƙarnin baki ɗaya. Sai dai yabon mujalla bai hana gudawa ci gaba da ɗauke ƙananan yara a ƙauyukan Bangladesh ba. Maganin yana cikin fakiti, fakitin yana asibiti, asibitin yana gari, uwar kuma tana can bayan kogi, ba ta iya karatu ba, ga shi al'ada ta koya mata cewa yaro mai zawo ba a ba shi ruwa, don ruwan ne ke ƙara masa.

A nan ne ƙungiyar BRAC ta shigo. Fazle Hasan Abed ne ya kafa ta a 1972, akanta ne da ya bar aiki mai tsoka a kamfanin Shell ya koma taimakon 'yan gudun hijirar da ke dawowa gida a yankin Sulla. Shi da abokan aikinsa suka lura cewa ko an buga fakiti miliyan nawa, ba za su isa kowane gida a daren da ake bukatarsu ba. Amma gishiri yana kowane madafi, haka ma mazarƙwaila. Sai suka fito da awon da ba ya bukatar sikeli ko cokali: gishiri gwargwadon abin da yatsu uku za su ɗebo, mazarƙwaila cikin tafin hannu, ruwa rabin lita. Masana da yawa, har da na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba su ji daɗin wannan ba, kuma tsoronsu yana da tushe, domin gishiri in ya yi yawa yana iya kashe jariri. Tambayarsu ita ce, yaya za a danƙa wa matar da ba ta taɓa shiga aji ba awon da ran ɗanta ya rataya a kansa?

Amsar da BRAC ta bayar ita ce ta sa nake ganin wannan aiki ya cancanci a waiwaye shi bayan shekara arba'in da ɗoriya. Daga 1980 zuwa 1990 ta tura 'yan mata rukuni-rukuni, su sauka a ƙauye su yi kwanaki, suna bin gida-gida. Malama za ta zauna da uwa a tsakar gida, ta koya mata 'yan batutuwa bakwai game da gudawa, ta karɓi ƙwaryar gidan ko tukunyarsu ta karce daidai inda rabin lita ke tsayawa. Bayan kamar wata guda sai wasu mutanen daban, waɗanda ba su da alaƙa da malamar, su zo su zaɓi wasu gidaje cikin waɗanda aka ziyarta. Su tambayi uwa abin da ta riƙe, su sa ta dama ruwan a gabansu, su ɗebi kaɗan a kwalba su kai ɗakin gwaji a auna gishirin. Da wannan sakamakon ake lissafa albashin malamar. Idan uwa ta riƙe karatu ta kuma dama daidai, malama ta samu cikakken lada. Idan ta kasa damawa, babu ko sisi a kan wannan gidan.

Da malamai suka gane haka, salon koyarwarsu ya canja ba tare da an yi musu dogon wa'azi ba. Suka daina damawa da kansu uwa tana kallo, suka koma sa ta ta dama da hannunta, ta sake, har sai hannun ya saba. Suka riƙa kurɓar ruwan a gaban matan gida, domin akwai masu raɗe-raɗin cewa maganin hana haihuwa ne. Gani ya kori ji.

Duk da haka, da aka koma aka duba, sai aka tarar mata sun iya haɗin amma ƙalilan ne ke amfani da shi. Da wata ma'aikatar ce, da nan za a rufe littafi a ce an cimma buri, tunda adadin gidajen da aka ziyarta ya cika. Su kuwa suka aika masu bincike su zauna a ƙauyuka su saurara. Ashe mutanen karkara sun kasa gudawa gida huɗu: wadda suke dangantawa da nonon uwa, wadda ɓacin ciki ke kawowa, atuni, sai kuma mai tsananin nan irin ta kwalara. Kalmar da malamai ke amfani da ita ta ƙarshen kawai take nufi a kunnen uwa, don haka take ajiye maganin sai ranar da babbar ta zo. Duk wanda ya taɓa jin wata kaka a nan ƙasarmu ta ce a ƙyale yaro, ai zawon haƙori ne, ya san irin wannan tunanin. Aka gyara darasin ya ambaci kowace da sunanta. Aka kuma gano cewa an bar maza a baya, alhali sau da yawa maigida ne ke da ta cewa kan abin da za a ba yaro. Sai aka sa ma'aikata maza suna samunsu a kasuwa da masallaci, aka shiga makarantu, aka sa a rediyo. Kafin shekara goma ta cika, an shiga gidaje kimanin miliyan 12.

Yau a Bangladesh, cikin yara goma masu gudawa kusan takwas ana ba su wannan ruwan, yanzu galibi na fakiti da ake saya a ƙaramin shago da kuɗi kaɗan, domin uwa ta riga ta san amfaninsa kuma ta koya wa 'yarta. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga kusan 145 cikin 1,000 a 1990 zuwa wajen 30. Ba ruwan gishirin kaɗai ya yi wannan ba, akwai rigakafi da karatun 'ya'ya mata, amma yana cikin ginshiƙan. A Najeriya ma an yi yekuwar ruwan gishiri da sukari zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, iyayenmu mata da yawa suna tuna awon kwalbar lemo da cokalin shayi. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara huɗu ne kawai cikin goma masu gudawa aka ba na fakitin.

Bangladesh ɗin da ta yi wannan abin yabo, a cikin waɗancan shekarun dai, ta afka wani ramin. Ruwan kududdufi da na kogi shi ne tushen cututtukan ciki, don haka tun daga shekarun 1970 gwamnati da hukumomin agaji, ciki har da UNICEF, suka duƙufa haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa. Mutane suka ga amfaninsu, suka ci gaba da haƙa nasu da kuɗinsu, har rijiyoyin suka kai miliyoyi. Niyyar mai kyau ce, kuma babu shakka sun ceci yara masu yawa. Kowace shekara ana ba da rahoton yawan rijiyoyin da aka haƙa da yawan mutanen da suka samu ruwa mai tsabta. Abin da ba a auna ba shi ne sinadarin arsenik, gubar da ke kwance a cikin yashin da koguna suka kwaso daga tsaunukan Himalaya tun dubban shekaru. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, kuma sai bayan shekaru take bayyana: baƙaƙen ɗigo a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya ciwon daji ko na zuciya. Likitoci a Bengal ta Yamma sun ga alamun tun 1983, amma sai a 1993 aka tabbatar da ita a rijiyoyin Bangladesh. A 2000 wani rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta mutane miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari.

Aka bi rijiyoyi kusan miliyan biyar ana gwadawa, mai kyau a shafa wa bakinta koren fenti, mai guba a shafa mata ja. Fiye da miliyan ɗaya suka samu ja. Mafitar da ta fi inganci ita ce rijiya mai zurfi sosai, wadda talaka ba zai iya haƙa ba sai gwamnati. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa har lokacin mutane kusan miliyan 20, yawancinsu talakawan karkara, suna shan ruwan mai guba, kuma wani kaso na rijiyoyin gwamnati ana rabon su ne bisa alfarmar 'yan siyasa, wasu ma suna ƙarewa a cikin gidajen masu uwa a gindin murhu. A takarda an haƙa rijiya, an ƙara ta a lissafi. Matar da fatarta ta ɓaci har miji ya guje ta ba ta cikin wannan lissafin.

Na daɗe ina jin ana maganar ci gaba mai ɗorewa wanda ba ya barin kowa a baya, a taruka da jawaban kasafin kuɗi, har kalmomin sun fara rasa nauyi. Waɗannan labarai biyu daga ƙasa ɗaya su suka mayar mini da nauyinsu. A duka biyun akwai kuɗi, akwai masana, akwai kyakkyawar niyya. Bambancin yana wurin abin da aka zaɓa a ƙirga. Ma'aikaci, ko a Dhaka ko a Dutse, abin da ya san za a tambaye shi a ƙarshen wata shi zai sa a gaba. Wanda za a tambaya gida nawa ya shiga, zai shiga gidaje da yawa cikin sauri. Wanda za a tambaya me uwa ta iya bayan tafiyarsa, dole ya zauna a tabarma ya yi haƙuri da ita, dole kuma ya nemi wadda ta fi kowa nisa da rashin gata, domin ita ma ana iya zaɓen gidanta ranar bincike.

Indonesiya ta koyi wannan darasin a gonar shinkafa, da tsada. A 1966 cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Los Baños a ƙasar Filifin ta fitar da irin IR8, gajere mai yawan yabanya in ya samu taki da ruwa. Gwamnatin Shugaba Suharto ta rungumi sabbin iri hannu biyu, ta haɗa wa manoma da bashi da taki da maganin ƙwari, ta riƙa biyan kusan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin maganin. Kada a raina abin da aka samu. Ƙasar da a shekarun 1970 ta fi kowace ƙasa sayen shinkafa daga waje ta wayi gari a 1984 tana ciyar da kanta, har aka gayyaci Suharto ya yi jawabi a hedikwatar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya a Roma a shekarar da ta biyo. Yunwa ta ja baya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma akwai wani ɗan ƙwaro mai launin ƙasa, bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, da 'yan Indonesiya suke kira wereng. Yana zama a gindin kara yana tsotse ruwansa, in ya yi yawa sai gona ta bushe kamar an cinna mata wuta. A da bai cika zama annoba ba, domin gizo-gizo da mazari da wasu ƙananan ƙwarin ruwa suna cinye shi. Maganin feshi ya kashe waɗannan mafarauta, ƙwayayen wereng kuwa suna ɓoye a cikin kara inda feshi ba ya kai musu. Suka ƙyanƙyashe suka tarar ba mai taɓa su. Manomi ya ga ƙwaro ya ƙara feshi, feshin ya ƙara wa ƙwaron fili. Ƙwaron ya yi ɓarna mai yawa a 1976 da 1977, ya sake dawowa a tsibirin Java a 1986, shekara biyu kacal bayan samun wadatar abinci. Duk wannan lokacin, yawan maganin da aka raba wa manoma yana cikin abubuwan da jami'ai ke kaiwa sama a matsayin nasara.

A Nuwamban 1986 Suharto ya sa hannu a dokar da ta haramta magungunan ƙwari iri 57 a gonar shinkafa, kuma kafin farkon 1989 an janye tallafin da ke lashe fiye da dala miliyan 100 a shekara. Doka ba ta cire tsoro daga zuciyar manomin da aka shekara ashirin ana gaya masa feshi shi ne noman zamani. Don haka a 1989 aka fara abin da aka kira makarantar gona. Manoma kamar 25 ne za su haɗu da safe sau ɗaya a mako, tun daga dashe har girbi. Babu allo, babu lacca. Su kasu biyar-biyar su shiga cikin taɓo, su sunkuya su ƙirga abin da ke jikin kowane gindi: wereng nawa, gizo-gizo nawa, ganye nawa ya lalace. Su fito su zana a babbar takarda, masu ɓarna a gefe ɗaya, masu cin su a ɗaya gefen, su yi muhawara kan ko gonar na bukatar magani a wannan makon. Sukan sa gizo-gizo da wereng a cikin kwalba ko kejin gidan sauro, su dawo su ga nawa ya rage. Fili biyu suke nomawa gefe da gefe, ɗaya da feshin da aka saba, ɗaya da shawarar da suka yanke da kansu, ranar girbi a auna. Malamin gona ya tashi daga mai ba da umarni ya koma mai yin tambaya, kuma waɗanda suka kammala da yawa sun zama malaman maƙwabtansu. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 manoma kusan miliyan ɗaya sun bi ta wannan makaranta. Feshi ya ragu, shinkafa ba ta ragu ba, tsarin kuma ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa har da na Afirka.

A tsibirin Bali na Indonesiya abin ya ɗan bambanta. Can manoma suna da ƙungiyoyin rabon ruwa da ake kira subak, masu tarihin kusan shekara dubu, kuma a wuraren bautarsu na addinin Hindu suke haɗuwa su tsayar da ranar shuka. Addininsu daban da namu, amma dabarar ta noma ce tsantsa: idan duk gonakin yanki suka huta lokaci guda, ƙwaro ya rasa abinci ya mutu, idan kuma yankuna suka yi karɓa-karɓa, ruwan kogi ya ishi na sama da na ƙasa. A shekarun 1970 aka umarce su su watsar da wannan kalanda, kowa ya shuka da zarar ya girbe. Ƙwari suka samu gonar da ba ta yankewa, rabon ruwa ya rikice. Sai da wani masanin al'adu, Stephen Lansing, da abokin aikinsa James Kremer suka kwaikwayi kogunan Oos da Petanu a kwamfuta, lissafi ya nuna tsarin manoman ya kusa zama mafi dacewa da za a iya samu, sannan jami'ai suka fara sauraro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai da na'ura ta yi masa shaida. A 2012 UNESCO ta sa subak cikin kayan tarihin duniya.

Idan na saurari rahotannin ayyuka a gidajen rediyonmu, adadin abin da aka raba nake ji: rijiyar burtsatse kaza, buhun taki kaza, keken ɗinki kaza ga matan da aka horar kwana uku, jarkar maganin feshi kaza ga manoman rani. Ina so in ji ranar da wata hukuma za ta ce ta koma bayan shekara ta tarar rijiya nawa ke ba da ruwa, an kuma gwada ruwan, ko mata nawa ke cin abinci da keken. A fadamun shinkafarmu, daga Kadawa zuwa Haɗeja zuwa Argungu, wanda manomi ya fi samu ya tambaya idan ya ga ƙwaro shi ne mai shagon magani a kasuwa, mutumin da cinikinsa ke ƙaruwa da yawan feshi. Ba na zarginsa, sana'arsa yake yi. Gurbin malamin gona ne ya tarar babu kowa.

Ita kanta Indonesiya ba ta riƙe abin da ta samu da kyau ba. Bayan durƙushewar tattalin arzikin Asiya a 1997 da saukar Suharto a 1998, kuɗin babban shirin makarantun gona ya ƙare, aka miƙa harkar malaman gona ga ƙananan hukumomin da kowace ke da nata abin da ya dame ta. Aka sassauta rajistar magunguna, sabbin sunaye suka cika shagunan ƙauye, dillalai suna haɗawa da kyaututtuka. Daga 2009 zuwa 2011 wereng ya sake mamaye gonaki a Java, kamar yadda ya yi a Tailan a daidai lokacin. A gundumar Klaten, ɗaya daga rumbunan shinkafar Java ta Tsakiya, manoma sun yi asarar girbi sau da dama a jere, har hukumomi suka koma kiran ƙauyuka su daidaita ranar shuka, su dasa lokaci guda.